Ƙafar da Muka Baro a Tsibiri

Ni 'yar mahauta ce daga Kano, kuma tun ina ƙarama aka san ni da baki. Babana da kansa yakan ce wuƙarsa sai an wasa ta, bakina kuwa a washe aka haife shi. Ba don in yabi kaina na fara da wannan ba. Duk abin da ya same mu a tafiyar nan, da bakin nan aka fara shi.

Maigidana mutumin Yauri ne, Basarke, wato daga gidan masunta ya fito, kakansa ma shi ne sarkin ruwan ƙauyensu. Tun da aka kai ni ɗakinsa muke wasan nan na mahauta da masunta. In ce yana ƙarnin kifi, ya ce ina warin tumbi. Ni ina kiransa Abban Iman, da sunan 'yarmu. Shi kuwa ba ya ce min Zulai sai in ransa ya ɓaci, kullum "'yar mahauta" ce. Ba mu taɓa wuni ba mu tsokani juna ba, kuma ban taɓa yarda maganar ƙarshe ta zama tasa ba.

Shekara biyar muka yi a Danau Kota, wata unguwa a birnin Kuala Lumpur, a hawa na sha bakwai na wani bene. Shi yana digirinsa na uku a kan kiwon kifi, ni ina dambun nama da waina ina sayar wa ɗalibanmu masu kewar gida. Abin da na sani na Kuala Lumpur bai wuce lif da kasuwa da masallaci ba. Amma a kasuwar na tsinci yaren Malay, na ciniki da na faɗa, har na fi shi iyawa nesa ba kusa ba, don shi daga laburare sai ɗakin gwaji, Turanci ya ishe shi. Akwai ranakun da nakan tsaya a baranda ina kallon ruwan sama yana dukan benaye, in ji da za a ƙullo min warin mayankar Kano a leda da na saya.

Ranar da ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe ya shigo yana dariya tun daga ƙofa. Ya ce kafin mu koma gida sai ya fitar da ni daga kicin na ga duniya. Akwai wani jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da ke kwana huɗu yana bin kogunan Borneo, ana kallon gajerun giwaye da birai masu dogon hanci. Daga wani ƙaramin tsibiri yake tashi, can gabas. Na ce birai masu dogon hanci ai na gan su a hoton bikin danginsa. Ya ce to wannan karon zan ga nawa dangin.

Wani ɗalibi ya haɗa mu da Alhaji Nafi'u, Bahaushe mai sayar da tikiti a unguwar Cheras. Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a saman wani gidan abinci na mamak, Indiyawan nan Musulmi, ƙamshin miyarsu yana biyo mutum har saman bene.

"Dakta, ka kwantar da hankalinka," in ji shi, waya biyu a hannunsa. "Everything is confirmed, lah. Ku dai ku kai kanku tsibirin ranar Talata, jirgi na nan yana jiranku."

"Alhaji, ina takardar masu jirgin?" na ce. "Wannan ai taka ce."

"Haba Hajiya. Shekarata nawa a ƙasar nan?"

A jirgin ƙasa muna komawa na ce wa Abban Iman mutumin nan ba ya kallon ido. Ya ce in bar zargi, ɗan gida ne. Iman kuma muka bar ta wurin maƙwabciyata Maman Nanret, Kirista ce 'yar Pankshin, wadda ta zame min 'yar'uwa a benen nan. Ta karɓi jakar yarinyar ta ce, "Maman Iman, je ki huta abeg. Shekara biyar kina soya waina."

Daga jirgin sama muka sauka garin Sandakan na Borneo, daga nan mota ta yi ta gudu da mu cikin gonakin kwakwar manja har na gaji da ganinsu. A bakin teku muka samu Jamal, mai kwalekwalen inji da ke kai mutane tsibirin. Zai yi shekara arba'in, rana ta ƙona shi har ya kusa kamo mu. Ya dubi sama ya ɓata fuska, sannan ya ce mu shiga da sauri.

Ni ban san ruwa yana dukan mutum ba sai ranar. Igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwalen ta sake shi, ya faɗo kamar an yar da tire a siminti, ƙashin bayana ya amsa har cikin kaina. A karo na uku bakina ya daki bakin jirgin, leɓena ya fashe. Na yi amai a kan hijabina, amai da jini da ruwan gishiri duk suka haɗu. Na kira sunan Allah, na kira na uwata. Da na ɗago kai sai na ga Abban Iman a tsaye, ya riƙe ƙarfen rumfa da hannu ɗaya, ruwa na marinsa yana waƙar masunta ta garinsu. Shekara biyar ban ga fuskarsa haka ba.

Tsibirin gidaje ne da ba su fi talatin ba, duk a kan dogayen turaku, da doguwar gadar katako da ta shigo cikin teku. Babu wani jirgi mai ɗakuna. Babu ko alamarsa.

Kafin ma mu gama mamaki birai suka sauko mana. Dambun da na ƙullo a jakar hannu suka jiyo. Wani ƙato ya diro kafaɗata ta baya, ya cafke jakar, ni kuma na ƙi saki, don ban saba a ƙwace min abu ba. Ya buɗe baki ya kafa min haƙori a dantse har na ji ya taɓa ƙashi. Na kama wuyansa da ɗaya hannun na maka shi da katakon gadar, na ƙara maka shi. Wasu biyu suka kama zanina. Abban Iman ya yi ƙwallo da ɗaya cikin teku, Jamal ya iso da gora yana rafka musu. Suka gudu da dambun, suka bar ni da jini har gwiwar hannu.

A ƙarshen gadar kaɗai waya ke samun layi. Can Abban Iman ya tsaya ya nemo lambar masu jirgin. Suka ce jirgi ya tashi tun jiya Litinin, kuma ba su taɓa jin sunanmu ba. Da suka ji halin da muke ciki suka ce za su ɗauke mu a zagaye na gaba, ranar Asabar. Wayoyin Alhaji Nafi'u duka biyu a kashe. Jamal kuma ya ce ko za a ba shi tsibirin kyauta ba zai sake tsallaka tekun nan ba sai iska ta kwanta.

Uwarsa ce ta karɓe mu, Makcik Salmah, wato Inna Salmah, 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba. Ba ta tambaye mu komai ba. Ta zaunar da ni, ta wanke cizon da ruwan zafi da gishiri ina ihu tana riƙe da hannuna gam, ta yaga tsohon zaninta ta ɗaure min. Ta ba mu ɗakinta, ita ta koma kicin. "Makan, makan," take ta cewa, wato mu ci, tana tura mana shinkafa da kifi. Da ta ji ina mayar mata da yarensu sai ta tafa hannu, ta kira matan maƙwabta su zo su ji.

Ruwan daɗi shi ne wahalar tsibirin. Tanki ɗaya ne a kowane gida, na ruwan sama, kuma an kwana biyu ba a yi ruwan kirki ba duk da iskar. Don sha ne kawai da girki. Alwala da wanki da ruwan teku ake yi, amma ba wanda ke sauka ya ɗiba. Daga kan gada ake zura guga da doguwar igiya, kamar rijiya. Na tambayi Makcik dalili, ga ruwa a ƙafar mutum. Ta ce, "Buaya." Ta haɗa tafukanta ta buɗe su ta rufe. Ko ba fassara na gane kada take nufi.

Abban Iman ya bi yadda suke yi. Da azahar ɗin ranar farko ya ɗauki gugan ya zura. Igiyar ta harɗe masa a ƙafa, gugan ya zo rabi ya kife, ya sake zurawa, wannan karon ya juye shi kaf a wandonsa. Matan da ke zaune suka rufe baki suna dariya. Ni kuwa hannuna na zogi, leɓena a kumbure, haushin Alhaji Nafi'u ya cika min ciki, ina neman inda zan sauke shi.

"Ikon Allah," na ce. "Jikan sarkin ruwa da guga. Tsaya in ɗauki hoto in aika Yauri."

"Ke dai 'yar mahauta, ba ki da aiki."

"Ba kai ne kake cika min baki ba? Wai kada ba ya taɓa ɗan gidanku, wai ran suna da ruwan kogi ake muku wanka, wai kakanka hannu yake sawa a ruwa ya yi magana kadoji su ba shi hanya. Ashe a cikin falo kawai abin yake aiki."

Ya yi dariya, amma na san dariyarsa, wannan ba ta kai ciki ba. Abin da na tsokana ba ƙarya ba ne a wurinsa. Mutum ne mai digiri uku a kan ruwa da abin da ke cikinsa, amma in ya zo kan maganar gidansu muryarsa sauyawa take yi. A tarihin gidan ba a taɓa jin kada ya ciji kowa ba, kuma sun yi imani amana ce tsakaninsu da shi tun kaka da kakanni.

Da la'asar bai ɗauki guga ba. Bayan gidan Makcik akwai wani ɗan rafi da ke shigowa daga teku, cikin itatuwan nan masu saiwoyi a tsaye cikin ruwa, da wani gungumen icce kwance a bakinsa. Ya sauka ya cire silifas ya tsuguna a kan gungumen. Ya sa tafinsa a ruwan, ya motsa baki, ya jira kaɗan, sannan ya yi alwalarsa a natse. Ya hawo yana yarfe hannu, ya dube ni. Ni kuma, Allah ya yafe min, na yi masa 'yar guɗa.

Ya koma da magariba. Washegari ya koma da asuba, da azahar, da la'asar. Gungume ɗaya, lokaci ɗaya, tsugune iri ɗaya. Jamal ya yi masa magana da guntun Turancinsa, Abban Iman ya dafa kafaɗarsa ya ce masa kar ya damu, shi ɗan ruwa ne.

A rana ta biyu Makcik ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta nuna min hoton wani mutum a bango, mijinta. Ta ce wankin taru yake zuwa yi a rafin nan kowace safiya. Daga ƙugu zuwa sama kawai suka samu suka binne. Sannan ta ɗaga yatsu uku ta yi min magana a hankali, don kar wata kalma ta wuce ni.

"Shi kada ba ya gaggawa," ta ce. "Ranar farko kallo yake yi. Rana ta biyu yana matsowa, yana koyon lokacinka. Rana ta uku yake ɗauka. In dole sai mutum ya sauka, ba ya sauka wuri ɗaya sau biyu. Mijinki kuwa lokacin salla yake bi. Ya ba shi wuri, ya ba shi agogo. Ki faɗa masa, 'yata."

Na ce zan faɗa masa.

Na fito na same shi a kan gada yana koya wa wani dattijo irin ƙullin tarun Yauri, suna ta dariya ba mai jin yaren wani. Ya tambaye ni me tsohuwa take cewa. Na ce, "Cewa take ka yi hankali." Iyakar abin da na fassara ke nan. Na gaya wa kaina ba na son ɓata masa farin ciki. Gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ba ce. In na ce masa ya koma guga, ni ce na janye maganata, kuma ban taɓa janye magana a gabansa ba. Na ce a raina gobe zan san yadda zan faɗa masa cikin wasa.

Rana ta uku, Alhamis, da la'asar ruwa ya ciko har ya kusa taɓa gungumen. Ina zaune da Makcik a dandamalin bayan gida muna gyaran kifi, wuƙa a hannuna. Tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Ina kallonsa ya wanke fuska, ya wanke hannuwa, ya shafi kai. Ya wanke ƙafar dama. Ya miƙa ta hagu.

Ruwan ya tsage. Ban ga zuwansa ba, kai kawai na gani, faɗinsa kamar ƙyauren taga, da wata ƙara kamar an rufe murfin mota da ƙarfi. Abban Iman bai yi ihu ba. "Zulai," kawai ya ce, ya faɗa ta baya, hannuwansa suka rungume wata saiwa.

Ban san yadda na sauka ba. Makcik ta ce tsalle na yi daga dandamalin. Na dai tsinci kaina cikin taɓo har gwiwa, na cusa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa na ja. Abin ya ja. Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan ba, kuma na ga an ka da bijimai tun ina goye. Ya ja mu mu biyu kamar tsumma har ruwa ya kawo min ƙirji. Sai ya juya. Jikinsa duka ya murɗa cikin ruwan, farin cikinsa ya bayyana ya ɓace, na ji ƙashin ƙafar mijina ya karye a jikina, ta cikin ƙirjinsa na ji shi. A nan ne ya yi ihu. Ruwan ya koma ja.

Wuƙar tana hannuna ban sani ba. Na saki hannu ɗaya na kai sara a kan abin, ta zame kamar na sari dutse. Na ƙara, ta zame. Sai na ga idon, ɗan ƙarami, rawaya, yana kallona ba fushi ba komai. Babana ya koya min ba a faɗa da ƙashi, inda ya yi laushi ake nema. Na dafe da gwiwa a kan hancinsa na luma wuƙar cikin idon har ƙota, na murɗa. Jelarsa ta taso ta make ni a haƙarƙari, na ji numfashina ya ɗauke. Jamal ya faɗo ruwan da mashin kifi yana soka masa a wuya, wasu maza biyu suna dukansa da gora suna kabbara. Ya sake murɗawa sau ɗaya, sai na ji nauyin ya tafi. Muka zube a taɓo ni da Abban Iman. Ba sakinsa ya yi ba. Abin da ya kama ne ya tafi da shi.

Daga ƙasan gwiwa babu komai sai tsokar da ta yi zare-zare da farin ƙashi. Jini yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa. Matan suka sa kuka. Ni ban yi ba, don wannan jinin na san shi, na san kuma minti nawa yake ɗauka kafin dabba ta daina shure-shure. Na cire hijabina a gaban mazan garin, na naɗa shi a cinyarsa, na sa guntun gora na murɗa, na murɗa, har ya daina ihu ya koma gurnani, har tsartuwar ta tsaya. Na ce wa Jamal ya tayar da inji. Ya dubi tekun, har yanzu tana hauka. Duk da haka ya ruga.

Awa biyu muka yi a ruwa. Na kwanta a kansa don kar igiyar ruwa ta jefar da shi, hannuna ɗaya a kan gorar. Leɓensa ya yi fari, idonsa yana juyewa. Duk lokacin da ya lumshe ido sai in kwaɗa masa mari. Addu'a ta ƙare min, sai na koma abin da na iya.

"Ka mutu a ruwa ka gani," nake ce masa a kunne. "Basarke guda. Wallahi sai na bi Yauri gida-gida na ba da labari. Buɗe idonka, mai ƙarnin kifi."

Can ya motsa baki. Na kai kunnena. "Ba ki da mutunci," ya ce. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

A asibiti suka ƙara yanke abin da ya rage, har saman gwiwa. Sati uku muka yi. Ni ma haƙarƙarina biyu sun tsage, an yi min allurai saboda cizon birin. Wata nas takan raba abincinta biyu ta ajiye min rabi. Maman Nanret takan kira kullum ta ce cocinsu na yi mana addu'a, ta ba Iman wayar, yarinyar ta ce, "Mummy, is Abba's leg coming back?" Da aka gaya wa mahaifiyarsa a Yauri sai ta ce, "Wannan ba kadanmu ba ne. Bai san shi ba."

Jamal ya tsallako ya kawo mana jakunkunanmu, da busasshen kifi daga Makcik. A cikin wata leda daban ya sa silifas ɗin da aka bari a kan gungume, ƙafa biyu, an wanke su tas. Na sa wa Abban Iman na dama. Na hagun na rasa yadda zan yi da shi, na jefa a jakata.

Kwana biyu da komawarmu Kuala Lumpur na ce zan je kasuwa. Na hau jirgin ƙasa na sauka Cheras. Alhaji Nafi'u yana zaune yana shan shayi, ya sake layin waya amma bai sake ofis ba. Yana ganina ya miƙe.

"Hajiya, wallahi na ji abin da ya faru. It was a system problem, wallahi..."

Na fito da silifas ɗin. Na fara da bakin da ya ce komai ya tabbata. Na ba shi a kunne, na ba shi a ido, ya faɗa kan kujera ta karye da shi, na bi shi ƙasa ina ba shi. Na watsa masa shayin, na buga wayoyinsa da bango. Haƙorinsa ya huda leɓensa, jini ya ɓata farar shaddarsa. Ma'aikatan gidan abincin suka hawo da gudu, mutum uku suka riƙe ni da ƙyar. Yana ƙasa yana tofar da jini ya ɗago kai.

"Na cuce ku, na yarda," ya ce. "Amma ni na ce ya shiga ruwa? Ni na tura shi?"

Na daina fizge-fizge. Suka sake ni don sun ga ba sauran abin riƙewa. Na mayar da silifas ɗin jaka, na gyara mayafina, na sauko. Har na isa Danau Kota ban ga komai a hanya ba.

Tun daga asibiti ban sake tsokanarsa ba. Na koma "sannu Abban Iman", "me za a kawo maka", "Allah ya ƙara sauƙi". Yakan jefo min magana, ya ce miyar yau warin tumbi take, in ce to a yi haƙuri, gobe za a gyara. Sai ya dube ni ya kawar da kai. Gidan ya yi tsit, har Iman ta tambaye ni ko faɗa muka yi.

Ranar da na dawo daga Cheras, da la'asar, na zaunar da shi a kan kujerar roba a banɗaki kamar kullum, na tsuguna da buta ina zuba masa. Ya wanke fuska, ya wanke hannuwa. Ban shirya ba, maganar ta fito da kanta. Na faɗa masa abin da Makcik ta ce a kicin, yatsu ukun, da wurin, da agogon. Na ce masa ta ce in faɗa masa, na ce to, ban faɗa ba. Na faɗi dalilin ma, na gaskiyar.

Ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Na san halin kada, Zulai," ya ce. "Na karanta shi, na koyar da shi. Shekara biyar ina auna kifi a tanki. So na yi in ji ko ruwa bai manta ni ba."

"Da na faɗa maka, da ka daina?"

Na so ya ce a'a. Wallahi na so ya ce a'a, ko da ƙarya ce. Amma shi ba ya ƙarya, shi ya sa na aure shi.

"Ban sani ba," ya ce. "Da daga bakinki ya fito, wataƙila." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Zuba ruwan, lokaci na tafiya."

Ya shafi kai. Na zuba masa a ƙafar dama ya cuɗa ta har idon sawu. Sai hannuna ya karkata butar zuwa hagu da kansa, yadda ya saba, ruwan ya zuba a kan tayil inda babu komai. Muka bi shi da kallo mu biyu har ya gangara rariya.

"'Yar mahauta," ya ce a hankali, "ba ki iya komai ba sai ɓarnar ruwa."

Amsar tana bakina. Mai kyau ce kuwa, irin wadda da can sai ya riƙe ciki don dariya. Yana kallona, ya ɗan karkata kai, yana jira. Na haɗiye ta, na miƙa masa sandunansa.

Yau shekara biyu da dawowarmu gida. Yana koyarwa, yana tafiya da ƙafar roba, kuma ba ya wuni bai jefo min magana ba. Ban mayar masa da ko ɗaya ba har yanzu, kuma na san jira yake.